Wayar wasan gem mai maɓallai a jiki

Edita,

Assalamu alaikum. Bari in tofa albarkacin bakina kan wayoyin gem masu maɓallai. Mai buga ƙwallo a waya ya san yadda yatsu ke rufe rabin gilashi, gumi ya sa ka danna inda ba ka nufa ba. Maɓalli kuwa yatsa na jin sa ko ba ka duba ba.

Sai dai Nokia ta gwada da N-Gage a 2003, Sony Ericsson ta biyo da Xperia Play a 2011, kasuwa ba ta rungume su ba. Wayar kan yi kauri, maɓallai su saki, kuma yawancin wasanni don taɓa gilashi aka tsara su. Ni na gwammace abin riƙon da ake maƙala wa waya, in ya lalace in sauya shi kaɗai.

Naka,
Mai karanta jaridarku