A canza mana tsohuwar kamfaila a cibiyoyin koyon kwamfuta

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni ɗan fili.

Ƙanena na koyon rubuta manhaja a wata cibiya nan Kaduna, jiya ya dawo gida ransa a ɓace wai aikin da ya yi a laftof ɗinsa da C++17, wato bugun 2017 na yaren rubuta manhaja mai suna C++, ya ƙi tashi a kwamfutocinsu. Da na duba ashe CentOS 7, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, suke kai har yanzu, kamfailar da ta zo da shi, wato manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa yaren inji, GCC 4.8.5 ce, ita kuwa ba ta san C++17 ba sam, ga shi tun Yunin 2024 aka daina yi wa CentOS 7 gyara.

Masu FreeBSD ma, wata babbar manhajar daban, sun daɗe maƙale da GCC 4.2.1 ta 2007 saboda lasisin GPLv3, wato sharuɗɗan amfani da sababbin GCC suka zo da su, bai kwanta musu ba, amma a 2014 suka koma wata kamfaila mai suna Clang. Na san canjin akwai wahala, tsofaffin manhajoji kan ƙi haɗuwa sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, ga kuɗin data. To a fara gwadawa da kwamfuta ɗaya mana lokacin hutu.

Naku,
Wani mai karatu daga Kawo, Kaduna