A daina koya wa ɗalibai WildFly da tsohon darasi

Assalamu alaikum Malam Edita.

Muna roƙon fili mu yi magana da malamai da ɗaliban kwamfuta na Garwa, Marwa da Ngaundare a arewacin Kamaru da ke koyon gina hidimar intanet da Java, wato manhajar da ke zaune a kan saba (server) tana amsa tambayoyin wasu manhajoji, irin abin da bankuna da kamfanonin waya ke dogara da shi. Yawancin waɗanda ke gudu tun makon farko ba wuyar aikin ce ta kore su ba. Darasin da suke bi ne ya girmi sabar da suka sauke.

A 2017 kamfanin Oracle ya miƙa Java EE, wato ƙa'idojin gina irin wannan hidima da Java, ga gidauniyar Eclipse, aka sake mata suna Jakarta EE, kuma daga fitowa ta 9 a 2020 sunayen da ke farawa da javax suka koma jakarta. Sabar WildFly, wadda ake ɗora hidimar a kanta, daga fitowa ta 27 zuwa sama sabon sunan take ganewa. Amma darussa da yawa a YouTube, na Faransanci da na Ingilishi, har yau javax.ws.rs suke rubutawa. Ɗalibi zai kwafa tsaf, sau da yawa sabar ta karɓi aikin, amma in ya buɗe adireshin sai 404, wato saƙon cewa ba a sami shafin ba. Sai ya kwana yana laluben kuskure a kod ɗin da lafiyarsa lau in ban da wannan kalma guda.

Hidimar farko kuwa aji biyu kawai take bukata: ɗaya ya gaji Application yana ɗauke da @ApplicationPath("api"), ɗayan da @Path("gaisuwa") da aiki guda mai @GET da @Produces. A pom.xml, wato fayil ɗin umarni na Maven, manhajar da ke haɗa aikin, a sa packaging ya zama war, irin fayil ɗin da ake miƙa wa sabar, a ba jakarta.jakartaee-api matsayin provided, domin sabar tana da nata. Wanda ya cusa wani a cikin fayil ɗinsa, rikici ya sayo.

A tada sabar da standalone.sh, ko standalone.bat a Windows, a jefa fayil ɗin war cikin standalone/deployments. In wani fayil mai ƙarewa da .deployed ya bayyana, an dace. In .failed ne, a buɗe server.log a nemi layin "Caused by" na ƙarshe, nan asalin matsalar take. Sannan a lura da suna: Maven kan liƙa lamba, fayil ya zama gaisuwa-1.0-SNAPSHOT.war, kuma wannan dogon sunan ne zai shiga adireshin localhost:8080. A rubuta gajeren suna a finalName cikin pom.xml a huta.

Sauran tarkon ƙanana ne. Shafin gudanarwa yana ƙofa ta 9990, ba ya buɗuwa sai an ƙirƙiri mai shiga da add-user. Wayar da ke wifi ɗaya da kwamfutar ba za ta ga hidimar ba sai an tada sabar da -b 0.0.0.0. In kuma aka haɗa kod da Java 21 aka kai shi sabar da ke kan Java 17, UnsupportedClassVersionError ne zai fito.

Ga tsadar data a nan arewa, ga ɗauke wuta, bai kamata kowane ɗalibi ya sauke kayan da kansa ba. Malami ya zaɓi JDK (kayan haɗa kod na Java) ɗaya da WildFly ɗaya na duk zangon karatu, ya haɗa aikin sau ɗaya inda intanet ke da ƙarfi, ya kwafe foldar .m2, inda Maven ke ajiye abin da ya sauke, tare da su a filas. Daga nan kowa ya yi aiki da mvn -o package ba tare da intanet ba. SOAP da WSDL kuma, wato tsohon salon gina hidima, a jinkirta su sai REST, salon da aka bayyana a sama, ta zauna, duk da cewa wanda zai nemi aiki a banki zai iya tarar da su a tsofaffin tsare-tsare.

Wassalam.

Daga wasu malaman kwamfuta,
Garwa, Kamaru