Shugaban da Ke Son Masana'antu Ya Fara Leƙa Ɗakin Gwajin Sakandare

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu tofa albarkacin bakinmu kan alƙawarin da ba ya barin bakin 'yan siyasa a ko'ina a duniya, wato mayar da ƙasa cibiyar kimiyya da ƙere-ƙere har ta yi kafaɗa da kafaɗa da manyan ƙasashe a kasuwa. Buri ne mai kyau, muna kuma tare da shi ɗari bisa ɗari. Damuwarmu ita ce inda kuɗin ke nufa bayan an tashi daga taro. Akasari gini ake yi, a sayo na'urori, a ƙaddamar a gaban 'yan jarida. Alhali abubuwan da ke samar da injiniya uku ne: malamin da ya san darasinsa, ɗakin gwaji mai aiki kowane mako, da kuɗin tafiyarwa da ba ya yankewa ko gwamnati ta canza.

A yi lissafin shekarun. Yaro ya shiga firamare yana ɗan shekara 6, ya yi shekara 12 kafin ya gama sakandare, ya ƙara 4 ko 5 a jami'a. Shekara 16 ko 17 ke nan, kuma sai ya ƙara wasu shekarun yana aiki ƙarƙashin na gaba da shi kafin a damƙa masa tsara injin masana'anta. Wa'adin shugaba kuwa shekara 4 ne ko 5. Duk shugaban da ya gyara koyar da lissafi a aji uku na firamare, wani ne zai ci moriyar aikin bayan zaɓe huɗu. Shi ya sa ake gudun irin wannan aiki, shi ya sa kuma ya kamata a riƙa auna shugaba da shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Taiwan ta mayar da karatun dole shekara 9 a 1968. A 1973 ta kafa cibiyar binciken fasahar masana'antu ta ITRI, a 1976 ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin RCA na Amurka, ta tura matasan injiniyoyi suka koyo yadda ake ƙera ƙwaƙwalwar na'urorin lantarki, suka dawo suka kafa ƙaramar masana'antar gwaji. Daga wannan cibiya aka fitar da kamfanin UMC a 1980, sannan TSMC a 1987 ƙarƙashin Morris Chang. Yau babu kamfanin da ya kai TSMC ƙera wa wasu kamfanoni irin wannan kaya a duniya. Tsakanin 1968 da 1987 shekara 19 ce, an sauya shugabanni da ministoci, ba a sauya alƙibla ba. Koriya ta Kudu ta kafa cibiyar binciken kimiyya da fasaha ta KIST a 1966, ta lallaso masananta da ke ƙetare da albashi mai tsoka da gidaje, ta kuma ɗora cibiyar kan bincike na kwangila: kamfani ya kawo matsalarsa, ya biya, a warware masa. Yanzu ƙasar na kashe fiye da kashi 4 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara kan bincike, kuma kaso mafi tsoka daga aljihun kamfanoni yake fitowa. Kada a ɗauka sai kayan lantarki. Burazil ta kafa hukumar binciken noma ta Embrapa a 1973, ta tura ɗaruruwan masu bincike karatu mai zurfi, suka gano yadda za a gyara ƙasar yankin Serado mai yawan asid ta hanyar zuba mata farar ƙasa da takin fosfet, suka samar da irin waken suya mai jure yanayin zafi. Yau Burazil ce kan gaba wajen fitar da waken suya a duniya.

To, mu sauko inda aikin yake farawa, domin nan ne aka fi asara.

Ɗauki gwajin da kowane ɗalibin kemistiri ke yi, na ɗiga asid cikin ruwan sodar kostik har launi ya canza. Aji mai ɗalibai 60, idan aka raba su uku-uku, rukuni 20 ke nan. Ana bukatar buret (bututun gilashi mai makunni da ake ɗiga ruwa da shi) 20 masu cin mililita 50, fifet (bututun gilashin ɗibar ruwa daidai awo) 20 masu cin mililita 25, maƙali 20, kwalaben gwaji aƙalla 40, da 'yan ƙari saboda gilashi ne, dole ya fashe. Ɗan kwangila yakan kawo waɗannan, domin ana iya ƙirga su a takarda. Abin da ba ya kawowa shi ne ruwan da aka tace ta turiri, wanda ake bukata lita-lita kowane mako. Idan aka haɗa sinadari da ruwan famfo, gishirin da ke cikinsa yana ɓata sakamako. Ruwan sinadarin silba naitiret ma da ya taɓa ruwan famfo sai ya yi fari kamar madara tun kafin a fara gwajin. Sodar kostik tana shan laima da iskar kabon dayoksaid daga sarari, don haka ruwanta da aka haɗa watan jiya ƙarfinsa ya riga ya canza, sai an sake auna shi kafin darasi. Idan aka bar ta cikin buret ba a wanke ba, makunnin gilashin ya liƙe, buret ɗin ta tashi aiki. Madubin duba ƙwayoyin halitta da aka kulle a ɗaki mai laima, naman gwari ke tsirowa a gilashinsa ya cinye rufin da ke kai, alhali 'yan ƙullin sinadarin tsotse laima a cikin akwatin sun isa su kare shi. Mitar auna lantarki kuwa, ɗalibi ɗaya ya jona ta kai tsaye a batir yana son auna ƙarfin gudun wuta, fiyus ya ƙone. Fiyus ɗin bai kai komai ba, amma in babu shi a ma'aji, sai a jefa mitar cikin kwali a ce ta lalace.

Duk waɗannan aikin mutum ɗaya ne, ma'aikacin ɗakin gwaji, wanda sau da yawa ba a ko sa gurbinsa a kasafin kuɗi. Malami mai darasi biyar a rana ba zai haɗa sinadaran rukuni 20 ya wanke kwalabe 40 ba. Sai ya zana buret a allo, yara su kwafa. Akwai kuma jadawali: darasin minti 40 ba ya isa a raba kaya, a yi gwaji sau uku, a wanke, sai an haɗa biyu a jere. Shawararmu ita ce kada a amince da kwangilar kayan gwaji sai an nuna abu uku tare da ita: albashin ma'aikacin, kuɗin sinadarai da gyara na kowane zango da zai shiga asusun makarantar kai tsaye, da ruwa da wutar da ɗakin zai yi aiki da su. Gara makarantu 50 masu ɗakin gwaji mai rai da 200 masu ɗaki a garƙame.

Malamai su ma lissafi ne. Makarantar da ke da azuzuwa 12, kowanne da darasin fiziks 4 a mako, tana da darasi 48. Malami ɗaya da zai shirya gwaji ya kuma duba littattafai ba zai ɗauki fiye da rabin haka ba, don haka biyu ake bukata. Matsalar ita ce mai digirin fiziks ko lissafi yana da masu nemansa a banki da kamfanonin sadarwa, kuma muddin albashin koyarwa bai kusanci nasu ba, zai tafi. Ƙarin alawus ga darussan da ke da ƙarancin malamai, da tallafin karatu bisa sharaɗin koyarwa na wasu shekaru, sun fi taron bita na kwana uku amfani nesa ba kusa ba. Lokacin da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a Oktoban 1957, Amurka ta yi doka a 1958 wadda ta ba ɗaliban jami'a rance mai sauƙi, tare da yafe wani ɓangare ga wanda ya shiga koyarwa.

Jarrabawa ita ke jan ragamar aji. In ana iya cin ta da haddar sakamakon gwajin da ba a taɓa yi ba, babu shugaban makarantar da zai wahalar da kansa. A ba aikin hannu maki na gaske, a kuma turo mai sa ido daga waje.

Akwai wani tushe da ya fi ɗakin gwajin zurfi. Rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta. Yaron da bai iya karatu da raba lamba ba, kemistiri ba zai shiga kansa ba ko da kayan duniya aka jera masa. Indiya ta buɗe cibiyar fasaha ta IIT ta farko a Kharagpur a 1951, ta yaye injiniyoyin da duniya ke rububi, amma a ƙidayar 2001 fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanenta ba su iya karatu da rubutu ba. Masana'anta ba ta tafiya da haziƙai kaɗan a sama. Tana bukatar dubban masu walda da masu gyaran inji da za su karanta zane su auna milimita daidai.

Game da kuɗin bincike, ƙasashen Afirka sun daɗe da ɗaukar alƙawarin kashe kashi 1 cikin 100 na abin da suke samarwa a shekara, kuma yawancinsu ba su cika ba. Amma lokacin sakin kuɗin ya kai yawansa muhimmanci. Gwajin iri da ya wuce lokacin shuka ya yi asarar shekara guda. Firjin da ke riƙe samfura a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, in wuta ta yanke masa kwana biyu, aikin shekaru ya narke. Sinadarin da ya yi watanni a hannun kwastan yakan iso wa'adinsa ya kusa ƙarewa. Maganin waɗannan yana hannun shugabanni: asusun bincike da doka ta kafa mai tallafin shekara uku zuwa biyar, masana su tantance wanda za a ba, shugabannin cibiyoyi su samu wa'adin da bai dogara da zaɓe ba.

Roƙonmu ga wakilan jaridarka shi ne, duk ranar da aka gayyace su ƙaddamar da ɗakin gwaji, su ajiye ranar, su koma bayan zango biyu ba tare da sanarwa ba. Su nemi littafin ma'aji su ga ranar ƙarshe da aka fitar da sinadari, su tambayi wa ke riƙe da makulli, su buɗe famfo, sannan su ɗauki littafin gwajin ɗalibai biyar su duba: in lambobinsu duka iri ɗaya ne, daga allo aka kwafa.

Naku,
Wasu malaman kimiyya da ma'aikatan ɗakin gwaji