Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobi: Tattakin Asabar da Batun Tsohon Layin Dogo

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya, malamai da 'yan uwa maza da mata.

Mun gode Allah da ya kawo mu ƙarshen wannan shekara lafiya. Tattakin safiyar Asabar bai yanke ba sai a watan azumi da makonnin da ruwa ya hana. Muna tashi daga filin wasa na Giginya bayan sallar asuba, mu dawo kafin rana ta yi zafi. Masu keke kuma sun zagaya tsofaffin ƙofofin gari, irin su Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware da Ƙofar Taramniya. A wurare da dama sunan ƙofa ne kawai ya rage, ganuwar ta zama gidaje da shaguna.

Ganin yadda tsofaffin abubuwa ke ɓacewa ne ya jawo babban aikinmu na bana, wato zaman karatu kan tsofaffin layukan dogo. Jirgin ƙasa bai taɓa shigowa birnin Sakkwato ba. Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, lokacin tana cikin lardin Sakkwato, kafin a cire Zamfara a 1996. Gyaɗa da auduga aka yi shi domin su. Dattawanmu sun ba mu labarin yadda suke shiga mota zuwa Gusau ko Ƙaura su kwana a tasha suna jiran jirgi. Mun naɗi muryoyinsu a waya, muna kuma rubutawa. Ni dai a ganina babu aikin da muka yi bana da ya kai wannan daraja, domin masu labarin suna ƙarewa. Ɗaya daga cikinsu ya rasu kafin mu koma wurinsa karo na biyu. Allah ya jiƙansa.

Mun kuma karanta tarihin ƙaramin layin da ake kira na Bauci, ko da yake bai isa garin Bauci ba. Daga Zariya ya nufi Jos da Bukuru, ya isa a 1914, don kwaso kuza. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, manyan layukan ƙasar kuwa a lokacin ƙafa 3 da inci 6, saboda haka dole a sauke kaya a Zariya a sake lodi. Da babban layi ya iso Jos ta Kafancan a 1927, sai kasuwarsa ta fara mutuwa, aka rufe shi a 1957.

Sai muka kwatanta da abin da aka yi a jihar Misuri ta Amurka. Ambaliya ta lalata wani layi da ke bin gefen kogin Misuri a 1986, kamfanin jirgin ya daina bi ta nan. Wata dokar ƙasar ta 1983 ta yarda a ajiye filin layin da aka bari, jama'a su riƙa amfani da shi, in an sake buƙatar jirgi a mayar. Aka cire ƙarafan, aka zuba tsakuwa, aka buɗe ɓangaren farko a 1990. Yau hanyar da ake kira Katy ta kai mil 240, ta masu keke da masu tafiya a ƙasa. Da ma jirgi ba ya son hawa da gangara, don haka hanyar a shimfiɗe take, tsoho da yaro duk suna iya bi.

An yi muhawara mai zafi a kan wannan. Wasu mambobi suka ce mu jirgi muke so ya dawo Ƙaura har ya ƙaraso Sakkwato, ba wurin shan iska ba. Gaskiyarsu ne, kuma matsayin ƙungiya ke nan. Abin da muka ɗauka daga Misuri shi ne tsare filin. Doguwar hanya irin wannan, in aka bari aka gina gida ɗaya a tsakiyarta, ta yanke. Haka ganuwarmu ta tafi, haka burtali yake tafiya a ƙauyuka, muna ji muna gani.

Ziyarar da muka shirya zuwa tashar Ƙauran Namoda ba ta yiwu ba saboda rashin tsaro a hanya. Kwamiti ya ɗage ta, kuɗin motar da aka tara suna hannun ma'aji.

Fitowar mata ta ragu a rabin shekara na biyu. Sun ce lokacin bai dace da aikin gida ba, za mu gwada musu yammacin Lahadi. Kuɗin wata kuma da yawa ba su biya ba, ma'aji zai karanta lissafi a babban taro.

A shekara mai zuwa, in sha Allah, za mu kammala rubuta hirarrakin dattawa, mu kai kwafi Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, mu kuma zana taswirar inda ganuwa ta bi daga ƙofa zuwa ƙofa. Duk wanda yake da tsohon tikitin jirgi, hoto, ko dattijon da ya yi aikin reluwe a gidansu, ya sanar da sakatare ranar Asabar a wurin tattaki.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, Sakkwato.