Tun da aka haifa mini 'ya, babur ya fita daga raina

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda na tabbata ba ni kaɗai ba ne magidancin da ya sama a garin nan na Kaduna, sai dai kunya da gudun gorin abokai sun hana mu faɗa. Abin kuwa shi ne, tun da Allah ya azurta ni da 'ya, sha'awar hawan babur ta fita daga raina, alhali na shafe fiye da shekara 15 ba ni da abin so kamarsa.

Ni ba ɗan acaba ba ne, ina da ɗan aikina na ofis da nake rufa wa kaina asiri da shi. Na koyi babur ina ɗan sakandare a kan wani tsohon Suzuki na ƙanen mahaifina a Tudun Wada, na farko da na saya da kuɗina Jincheng ne, daga baya na koma Bajaj, har Allah ya hore mini wani babba ɗan Kwatano mai ƙaton tanki, wanda idan na murɗa totur maƙwabta sun san na fito. Ranar Asabar a Panteka nake wuni, ko da babu abin da ya lalace, ina tsaye a kan bakanike ana wanke kafireto, ana duba fulogi, ana juyen baƙin mai. Ranar Lahadi kuwa da sassafe mukan haɗu da abokai a Kawo mu ɗauki hanyar Zariya, mu wuce Rigachikun da Maraban Jos da Jaji, tafiyar kusan kilomita 80, mu sha shayi a Kwangila mu juyo, ba don muna da wani uzuri a can ba sai don daɗin iska da ƙarar inji. Lokacin da gwamnatin jiha ta hana hawan babur baki ɗaya a ƙarshen watan Satumba na 2021, na haya da na gida, saboda matsalar 'yan bindiga, nakan fito tsakar gida da yamma in goge shi tas, in tayar da shi in bar shi yana aiki a tsaye, don kawai kunnena ya ji muryarsa. Na faɗi wannan ne domin mai karatu ya san irin son da nake magana a kai.

'Yar tawa ta fari ce, saboda haka za a yi mini uzuri idan ban ambaci sunanta ba. Ba a yi arba'in da haihuwarta ba, wata rana bayan sallar isha'i jikinta ya yi zafi, na fita sayo magani. A hanyar dawowa, a kan titin Bayafas kusa da Bakin Ruwa, wani mai Keke Napep ya fito daga gefe ba tare da ya duba ba. Na damƙe birkin gaba a daidai inda yashi ya taru a bakin kwalta, taya ta zame, sai ga ni a ƙasa, babur ya yi nasa wuri na yi nawa. Ban gama tantance abin da ya faru ba wata tirela ta shige ta gefena, har na ji zafin iskarta a fuskata. Ba wannan ne faɗuwata ta farko ba, kuma duk wanda ya san ni ya san cewa a da abin da nake fara yi idan na tashi shi ne in ruga in ɗaga babur, in duba madubi da fenti kafin in duba jikina. A daren nan kuwa zama na yi a bakin hanya na bar shi a yashe, mai yana tsiyaya daga tanki, na sa hannu a aljihu na laluba kwalbar maganin, na ji ba ta fashe ba. Mutane sun taru suna cewa, "Sannu Malam, Allah ya kiyaye gaba," wani dattijo yana kakkaɓe mini riga, ni kuwa ba abin da ke yawo a kaina sai tambayar a gidan wa yarinyar nan za ta tashi, da kuma wa zai gaya mata kamannina. Ɗan ƙujewa ne kawai na samu a gwiwar hannu, ya warke cikin mako biyu, amma wani abu ya faɗi a wurin nan wanda har yau ban koma na ɗauko ba.

Daga ranar hawan babur ya koma mini lissafi. Tun muna makaranta aka koya mana cewa abin hawa da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kuma idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karo yakan ninka sau huɗu ne, haka ma tazarar da birki ke bukata kafin ya tsayar da shi. Na haddace wannan don jarrabawa, na kuma yi shekaru ina ƙure maleji da shi a cikin kaina bai taɓa hana ni komai ba. Yanzu kuwa da zarar allurar ta haura 50 sai in fara ƙirga abin da ke tsakanina da motar gabana, ina hango ramin da ruwan sama ya ɓoye, da akuyar da za ta iya tsallakowa, da ƙofar motar da wani zai buɗe ba tare da ya waiga ba. Wanda yake irin wannan ƙirge ba ya jin daɗin iska. Na gwada komawa tafiyar Zariya sau biyu, a karo na biyu daga Maraban Jos na juyo, na ce da su cikina ne ya murɗa.

Abokaina ba su raga mini ba. Wani ya ce na zama mijin-ta-ce, wani ya ce tsufa ne ya zo mini da wuri, mai sassaucin cikinsu kuwa ya yi mini wa'azi cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma wanda kwanansa ya ƙare ko a kan katifa yake sai ya tafi. Game da zance na farko, gaskiya ita ce maiɗakina ba ta taɓa buɗe baki ta ce in daina ba. Abin da take cewa idan zan fita bai wuce "Allah ya tsare, a dawo lafiya" ba, sai daga baya na gane cewa duk daren da na yi latti ba ta runtsawa sai ta ji ƙarar salansa a ƙofar gida. Game da ƙaddara kuwa, na yi imani da ita kamar yadda suka yi, amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙuma da ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah, kuma ya ce kowannenmu makiyayi ne kuma abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi kiwo. Lokacin da nake saurayi ina ganin wuyana nawa ne ni kaɗai, ko da yake yanzu na gane cewa ko a lokacin ma ina da uwa da take kwana da fargaba, ban dai damu in lura ba.

Na sayar da babban babur ɗin, amma ban rabu da hawa ba, kuma a nan ne ainihin dalilin wannan wasiƙa yake. Sha'awa ta tafi, dole ta zauna. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, magidanta da yawa a garin nan sun jingine motocinsu sun koma babur, waɗanda ba su taɓa mallakar mota ba kuwa dama shi ne ƙafarsu. Ni ma na riƙe ƙarami na zuwa aiki da kasuwa, domin albashina ba zai ɗauki kuɗin mota kullum ba. Saboda haka ba ina kira ga kowa ya ajiye babur ba ne, don faɗin haka ga mutumin da ke zaune a Rigasa yana aiki a Kakuri rashin sanin halin da ake ciki ne. Abin da ya dame ni shi ne yadda muke goya 'ya'yanmu.

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a Unguwar Sanusi ko Badarawa da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe ya san hoton. Uba ne da yara huɗu, ƙaramin yana zaune a kan tanki ya riƙe kan babur, uku suna baya sun matse juna da jakunkunan makaranta, ta ƙarshen rabin jikinta a kan kariya, hijabinta yana lilo kusa da tayar baya. Kwanaki na bi bayan wani bawan Allah tun daga shataletale har kusan ƙofar makaranta, ina kallon yaron da ke kan tanki yana gyangyaɗi, kansa yana zuwa yana dawowa, uban yana tare shi da haɓarsa yana kuma ratsa tsakanin motoci. Ba na zargin mutumin nan da rashin son 'ya'yansa, ai son ne ya fito da shi da sassafe ya kai su neman ilimi. Amma a cikin su biyar babu mai hular kwano ko ɗaya, kuma da ni ne shekara biyar da suka wuce, da ko kallo ba zai ishe ni ba. A unguwarmu kaɗai na san yara fiye da ɗaya masu tabon ƙunar salansa a ƙwauri, kuma kowa ya taɓa jin labarin matar da taya ta naɗe mayafinta ta fizgo ta ƙasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, sannan nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'arta. Hukumar ta kuma daɗe tana nanata cewa hular kwano mai inganci, wadda aka ɗaure igiyarta a haɓa, tana rage mutuwa da raunin ƙwaƙwalwa ƙwarai da gaske. Mu kuwa tarihinmu da hular nan abin dariya ne mai ban takaici. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta a ranar 1 ga Janairu 2009, har kafofin labarai na ƙasashen waje sai da suka ba da labarin 'yan acaba da suka kifa ƙwarya da robar fenti a kansu, ga kuma jita-jitar da aka yaɗa cewa ana yin asiri da hular. Bayan 'yan watanni kowa ya koma gidan jiya. Ni kaina a hannun babur na fi rataye tawa, ina cewa zafi take sa ni.

Akwai wani abu da na lura da shi. Manyan dokokin da aka kafa wa babur a wannan yanki, daga hana acaba a Kano a 2013, zuwa hana shi a cikin garin Kaduna a 2014, zuwa dokar 2021, duk matsalar tsaro ce kan gaba wajen kawo su. Ban ce ba su da dalili ba, amma yaron da ke barci a kan tanki bai taɓa samun irin wannan kulawa ba. Da na tashi neman hular da za ta yi wa 'yata daidai, na zaga shagunan kayan babur da dama a cikin gari, abin da na samu sai ta manya da za ta rufe mata ido, ko ta roba irin ta masu aikin gini, wadda ba don faɗuwa a kan kwalta aka yi ta ba. Wani mai shago ya dube ni ya ce, "Alhaji, ai kai ne na farko da ya taɓa tambaya." Idan babu mai tambaya, ɗan kasuwa ba zai kawo ba, idan kuma bai kawo ba, ko an kafa doka ƙwarya za a sake kifawa.

Don haka ina roƙon jami'an kiyaye haɗurra da na KASTLEA, wato hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, su riƙa zuwa ƙofar makarantun firamare da na Islamiyya su yi magana da iyaye cikin mutunci, domin uban da aka nuna wa inda ƙafar ɗansa take da inda salansa take zai fi saurin gyarawa fiye da wanda aka ƙwace wa makulli. Ƙungiyoyin iyaye da malamai za su iya haɗa maƙwabta su ɗauki Keke Napep ɗaya na wata-wata, kamar yadda wasu ke yi tuni, a rage yawan yaran da ake jibgewa a babur ɗaya. Limamanmu kuma, da suke yi mana huɗuba a kan haƙƙin 'ya'ya na suna da tarbiyya da ciyarwa, da za su ƙara da haƙƙinsu na isa makaranta da kai lafiya, da sun taimaka.

Yarinyar yanzu ta fara wayo. Da yamma idan na dawo na kafe babur a tsakar gida, takan zo ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, goya ni." Nakan jira sai salansa ta huce, in ɗora ta a kan kujera ta riƙe kai tana kwaikwayon ƙarar inji da bakinta, ni kuma in zare makulli in sa a aljihu, in tura ta da ƙafa daga bakin rijiya zuwa zaure mu dawo, uwarta tana ƙofar kicin tana kallonmu.

Na gode da wannan fili da aka ba ni.

Naku,
Wani magidanci,
Tudun Wada, Kaduna.