Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Ba Laifin Alayyahu Ba Ne

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan jaridarku, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani ganye wanda da wuya a sami gidan da ba ya shiga a ƙasar Hausa, amma ake yawan ɗora masa laifin da ba nasa ba, wato alayyahu. Na sha jin matan aure, musamman masu ƙananan yara, suna kukan cewa 'ya'yansu ba sa cin miyarsa, wasu su ce lami gare shi, wasu kuma su ce gafin ɗanyen ganye ne yake kore su. Na daɗe ina girka wa babban gida abinci, kuma abin da na gani shi ne, yawanci a hannun mai girki ake kashe ɗanɗanon alayyahu tun kafin ya kai ga tukunya.

Da farko, ya kamata 'yan matanmu masu koyon girki ta intanet su sani cewa ganyen da suke gani a bidiyon Turawa da Indiyawa, wanda ake haɗa shi da madara mai kauri ko cuku, ba shi ne alayyahunmu ba, ko da yake ana yawan fassara su da suna ɗaya. Nasu ganyen ƙasar sanyi ne, mai laushi ƙwarai. Namu kuwa ganyen ƙasar zafi ne, yana da kara, ganyensa ya fi ƙarfi, kuma shi ne Yarabawa suke kira tete suna miyar efo riro da shi. Saboda haka abin da yake fito da daɗinsa yana nan cikin kayan miyarmu na gado, ba sai an je kantin zamani ba.

Ɓarnar takan fara ne daga wanki. Akwai al'adar da ta zauna a gidaje da yawa, ta yanka ganyen ƙanana, a zuba masa gishiri, a yi ta murza shi cikin ruwa har sai ruwan ya koma kore shar, sannan a zubar. Wannan koren ruwan da ake zubarwa a makwarara, da shi daɗin ganyen da wani sashe na amfaninsa suke tafiya, abin da ya rage a hannu tamkar dusa ne. Abin da ya dace shi ne a tsinke ganyen, a cire tsofaffin kara, a wanke shi ɗungurungum a cikin babbar roba sau uku, kuma a kowane karo a riƙa tsamo ganyen daga ruwa maimakon a tsiyaye ruwan, domin yashin yana kwantawa ne a ƙasa, idan aka tsiyaye sai ya koma cikin ganyen. Sai ya tsane a kwando sannan a ɗauko wuƙa. Wanke shi da kyau ya fi zama dole da rani, tun da sanannen abu ne cewa wasu lambunan cikin birnin Kano, kamar na gefen Jakara, da ruwan da ya ratso gari ake ban ruwa, kuma mai saye a kasuwar Yankaba ba ta da yadda za ta bambanta wannan da na fadama.

Sai maganar kanwa. Na san iyayenmu suna jefa ta domin ganye ya yi saurin nuna kuma ya riƙe korensa, amma alayyahu ba kuka ba ne kuma ba kuɓewa ba ne, ba ya neman yauƙi. Kanwa tana narkar da shi ya zama cakwali, tana lalata wasu sinadaran bitamin da ke cikinsa, kuma tana bar masa wani ɗanɗano kamar na sabulu wanda yara suke saurin ganewa.

Inda nake so a fi mayar da hankali shi ne gindin miya, domin alayyahu ganye ne mai ɗaukar ɗanɗanon abin da ya tarar a tukunya. Idan ya tarar da ruwan zafi da dunƙulen magi, abin da zai bayar ke nan. Ni dai nakan ɗora man ja, in soya albasa mai yawa har ta yi laushi ta fara ƙamshi, sannan in zuba jajjagen attaruhu da tattasai da ɗan tumatir, in bar shi a kan wuta har ruwansa ya ƙone mai ya taso sama. A wannan lokacin nake zuba daddawar kalwa da na daka tare da citta da tafarnuwa da ɗan masoro, domin daddawar da aka soya ta bambanta da wadda aka jefa cikin ruwa, warinta yana tafiya ya bar daɗin. Bayan ta sai busasshen kifi, wanda aka wanke da ruwan zafi aka cire ƙayarsa. Sai duk wannan ya haɗu, har maƙwabta sun san ana miya, sannan ganye zai shiga. Ba na ƙara ruwa, domin shi da kansa zai fitar da nasa, kuma minti 5 ya ishe shi. Ina saukewa yana da sauran korensa, zafin tukunya ya ƙarasa shi. Man nan kuwa ba don daɗi kawai ba ne, jiki yana buƙatar maiƙo kafin ya iya ɗaukar sinadarin da ke cikin ganyen wanda yake zama bitamin A.

Ga gafin da ake kuka da shi kuwa, tsami ne maganinsa. Hikimar da ke cikin miyar taushe ke nan, inda yakuwa take kawo tsami, kabewa ta kawo zaƙi, niƙaƙƙiyar gyaɗa ta kawo kauri da gardi, alayyahu kuma ya zauna a tsakaninsu. Wadda ba ta da yakuwa tana iya matsa rabin lemon tsami bayan ta sauke tukunya, kuma hakan yana da ƙarin fa'ida, domin bitamin C yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe mai gina jini da ke cikin ganye, yayin da shan baƙin shayi tare da abinci yake rage hakan.

Ba kuma sai a miyar tuwo kaɗai zai shiga ba. Yana shiga faten tsaki da faten wake da faten doya, ana yanka shi a dafa-dukan shinkafa ko taliya dab da saukewa, ana soya shi da ƙwai da albasa a ci da doya ko burodi da safe. Idan aka soya awara ta yi ja aka jefa ta cikin miyar da na bayyana, ba kowa zai tambayi nama ba. Wanda na fi so shi ne kwaɗo, a turara ganyen, kada a ci shi ɗanye, a matse shi kaɗan, a haɗa da dakakken ƙuli-ƙuli da yaji da albasa da tumatir da man gyaɗa, kamar yadda ake yi wa zogale ko rama. Akwai jikana da ya rantse ba ya cin ganye, amma da aka yi kwaɗon nan shi ya suɗe kwano, bai kuma san alayyahu ne ba sai da aka gaya masa. Masu fama da tsakuwar ƙoda dai gara su tuntuɓi likita kafin su yawaita cinsa.

Abin da ya sa na ga maganar ta cancanci shafin jarida shi ne, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyayyaki da 'ya'yan itatuwa a rana, gishiri kuma kada ya kai giram 5, alhali a gidajenmu idan miya ta yi lami dunƙule ake ƙara mata, wanda shi ma gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. A wannan hali na tsadar kayan abinci, alayyahu yana cikin ganyayen da talaka yake iya saya, har ma ya watsa irinsa a bayan ɗaki ya fara tsinka cikin makonni kaɗan. Don haka ina roƙon masu shirya shafin girke-girke na jaridarku, duk lokacin da za su kawo girkin da ke da alayyahu, su riƙa faɗin lokacin da ake zuba shi da mintunan da zai yi a kan wuta, maimakon su tsaya ga cewa a zuba ganye a bari ya nuna.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Wata mai karanta jaridarku, daga Kano.