Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, Kan Faɗuwar Fotasiyam Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

Mai girma Minista, assalamu alaikum.

Mu likitoci ne da masana magunguna da ke duba marasa lafiya a sashen gaggawa. Mun rubuto ne kan 'yan ƙasarmu da ke zuwa Turkiyya, Masar ko Indiya a yi musu tiyatar rage ƙiba, su dawo gida cikin kwanaki kaɗan ba tare da likitan da zai ci gaba da bibiyarsu ba. Roƙonmu shi ne ma'aikatarka ta fitar da umarni a rubuce: duk wanda aka yi wa wannan tiyata ya zo asibiti da amai ko gudawa, a auna masa fotasiyam da magnesiyam kafin a ɗaura masa ruwa.

Fotasiyam da magnesiyam sinadarai ne a jini da zuciya da tsoka ke buƙata don yin aiki. A jinin mai lafiya fotasiyam yana tsakanin 3.5 da 5.0 mmol (ma'aunin da ake auna shi da shi) a kowace lita. Idan ya sauka ƙasa da 3.0 sai kasala ta sauko, ƙafafu su riƙa ɗaurewa, ciki ya cushe, mutum ya kasa miƙewa daga tabarma sai an kama shi. Ƙasa da 2.5 kuwa zuciya na iya rikicewa ta tsaya, ko numfashi ya gagara.

Ga yadda abin ke faruwa. A tiyatar da aka fi yi, ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar siriri kamar hannun riga. A ɗaya kuma ana karkatar da abinci ya tsallake yawancin tumbi da farkon hanji. Makonnin farko ruwa-ruwa kawai mutum ke sha, kurɓi-kurɓi, don haka abin da ke shiga kaɗan ne. Idan amai ya haɗu da wannan, abin ya zama biyu. Aman kansa ba ya ɗauke da fotasiyam mai yawa. Asid ɗin ciki yake kwashewa tare da ruwan jiki, ita kuma ƙoda garin ƙoƙarin riƙe gishiri da ruwa sai ta yi ta zubar da fotasiyam cikin fitsari. Gudawa kuwa kai tsaye take fitar da shi. Da yawa daga cikin waɗannan mutane masu hawan jini ne, suna ci gaba da shan maganin sa fitsari irin su hydrochlorothiazide ko furosemide, domin babu wanda ya ce su dakata. Wasu har da shayin rage ƙiba mai sa zawo suke haɗawa.

Inda ya fi damun mu shi ne abin da ke faruwa idan sun isa ƙaramin asibiti. Amai da kasala a wurinmu sunansu maleriya ko taifod. Sai a ɗaura ruwan suga, a ba da ondansetron don amai, a ƙara ciprofloxacin, wani lokaci har da kwinin. Ruwan suga na tayar da insulin, insulin kuma na kora ɗan fotasiyam da ya rage daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki. Magungunan nan uku duk suna iya jinkirta saitin bugun zuciya, kuma haɗarinsu ya fi tsanani idan fotasiyam ya yi ƙasa. Akwai kuma bitamin B1, wanda ajiyarsa a jiki ba ta wuce makonni biyu zuwa uku ba. Wanda ya daɗe yana amai, aka ba shi suga kafin B1, yana iya samun illar ƙwaƙwalwa da ba ta gyaruwa.

Gyaran ba mai tsada ba ne, amma yana da ƙa'ida. A yi gwajin zuciya na ECG. A kula da ɗibar jini: ɗaure hannu na tsawon lokaci, dunƙule hannu da buɗewa, ko fashewar jajayen ƙwayoyi cikin kwalba na sa sakamako ya fito sama da gaskiya. Idan magnesiyam ya yi ƙasa, ko nawa aka ba da fotasiyam ƙoda za ta zubar, don haka shi ake fara cikewa ko a haɗa su tare; omeprazole, maganin rage asid ɗin ciki da ake rubuta musu bayan tiyata, yana iya rage magnesiyam idan an daɗe ana sha. Ta baki, fotasiyam na ruwa ko mai narkewa a kofi ake bayarwa, domin ƙwayar da ke narkewa a hankali irin Slow-K na iya maƙalewa ta ci wurin ɗinki. Ta jijiyar hannu, a cikin ruwan gishiri ake sawa, kada ya wuce 40 mmol a lita, kada kuma ya wuce 10 mmol a awa. Ba a taɓa tura shi da sirinji kai tsaye. Wannan kisa ne.

'Yan uwa kan ce a ba mara lafiya ayaba da dabino. Suna da amfani wajen rigakafi, amma ayaba guda kusan 10 mmol ce, alhali wanda ya sauka zuwa 3.0 yana iya rasa 200 mmol ko fiye, ga tumbin da ba ya ɗaukar ko rabin kofi. Kanwa kuwa kada a kusance ta, yawancinta sodiyam ne, kuma ƙara dagula jinin mai amai take yi.

Bayan umarnin, muna roƙon a tanadi fotasiyam na sha da allurar B1 a sassan gaggawa na asibitocin tarayya. Magnesiyam yana nan tuni a ɗakunan haihuwa saboda jijjigar masu ciki. A wajabta wa dillalan da ke kai mutane waje su tabbatar kowa ya dawo da takarda mai bayyana irin tiyatar da aka yi masa, da sunan asibitin gida da zai karɓe shi. Ƙa'idar da ake bi a Birtaniya ita ce gwajin jini a wata 3, wata 6, wata 12, sannan duk shekara. Muna so a ɗauke ta a nan, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) kuma ta sa waɗannan gwaje-gwaje cikin abin da inshora ke biya.

Allah Ya taimaki Minista, Ya yi riƙo da hannunka.

Mu ne,
Wasu likitoci da masana magunguna masu aikin gaggawa.